Kafin Ka Ɗauki Ƙarfen Nan, Ka Tambayi Na Gaba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun da aka dawo hutu jambitoci ke tare ni, wani a ƙofar ɗakin lakca, wani a motar Vom, wani ta saƙo, kuma tambayarsu kusan iri ɗaya ce: "Yaya, don Allah me kake sha?" Har yanzu ban samu wanda ya tambayi shekara nawa na yi ina ɗaga ƙarfe ba, ko wa ya koya mini. Kowa ya ɗauka akwai wata kwalba da nake ɓoyewa a ƙasan katifa. To ga amsa a bainar jama'a, don in huta: ruwa nake sha, da shayi, da kunun gyaɗa idan an samu. Ɗan abin da kuke gani a kafaɗata kuwa, bayan ikon Allah, aikin wasu mutane ne a Bukuru waɗanda ba su taɓa karɓar ko sisi a hannuna don sun ba ni shawara ba. Labarinsu nake so in ba ku, saboda yawancinku jim za ku fara zuwa wannan zangon, kuma mutumin da ka fara saurara a can shi zai sa ka fito da lafiya ko ka fito da ciwo.

Wurin da na koya ba irin jim ɗin otal ba ne mai madubi da sanyin na'ura. Wani fili ne a bayan garejin gyaran mota, an yi masa rumfar kwano. Bencin kafinta ne ya haɗa shi da katako. Nauyin kuma abin da gareji ya yar ne: gangar birki, tsofaffin haƙoran giya, fulawil ɗin babbar mota, sai siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa rodi a tsakiya. Sanda guda ɗaya ce ta gaske, irin mai kilo 20, kuma ana ji da ita kamar amarya. Kuɗin wata bai kai abin da wasunmu ke kashewa a data cikin sati ba.

Mai wurin makanike ne, ya haura shekara hamsin, kowa Oga yake ce masa. Mahaifinsa leburan kuza ne. Duk ɗan Bukuru ya san haƙar kuza ce ta tara garin tun zamanin Turawa, kududdufan da suka bari ma suna nan kewaye da mu har gobe. Oga yakan ce tsohonsa ya yi shekaru yana hawa da sauka ramin kuza da kwanon sarki cike da ƙasa a ka, bai taɓa jin sunan furotin ba, amma ko da ya tsufa bayansa a miƙe yake, don ya san yadda ake sunkuyawa a ɗauki kaya. Banda Oga akwai wani mahauci da ke zuwa bayan ya tashi daga kasuwa, akwai malamin firamare ɗan ƙabilar Birom daga wajen Gyel, akwai ma'aikacin jinya, akwai wani ƙato da ke gadin ƙofa a wuraren biki. Waɗannan su ne manyan wurin. Mafi ƙarancinsu ya yi shekara goma yana ɗaga ƙarfe.

Ranar da na fara zuwa, na gaida Oga na ce ina so a nuna mini yadda ake yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A ina kake karatu?" Na ce kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom. Ya yi dariya ya ce, "To likitan shanu, ɗauki sandar can." Sunan da ya bi ni ke nan har yau. Sandar kuwa ba komai a jikinta. Sati biyu cur ita kaɗai ya bar ni na taɓa: in tsuguna da ita a kafaɗa, in kwanta a benci in tura ta, in ɗago ta daga ƙasa. Shi kuma yana tsaye da tsumman mai a hannu yana cewa, "Buɗe ƙirji. Dugaduganka su zauna a ƙasa. Kar ka lanƙwasa bayan nan kamar mage." Yaran da muka fara tare biyu suka gudu a satin farko, wai an raina musu hankali. Da na tambaye shi dalilin sandar banza, sai ya ce, "Nama yana saurin ƙarfi, jijiya da gaɓa ba sa sauri. In ka loda wa mota kaya kafin a ɗaure mata ƙafa, a hanya za ta zubar da kai." Daga baya na tarar da maganar nan a littafi da dogon Turanci, amma ba ta fi yadda ya faɗe ta ba.

Abu na farko da nake so jambito ya riƙe: manyan nan da kuke gani fuska a murtuke, yawancinsu suna son a tambaye su. Abin da suka gaji da shi shi ne mai zuwa sati biyu ya ɓace. Duk watan Janairu da duk gabanin Sallah wurin cika yake da sababbin fuskoki, kafin wata ya ƙare an koma 'yan gida. Mutumin da ya koya wa yara ɗari tsuguno, casa'in suka gudu, dole ya fara auna mutum kafin ya buɗe baki. Da zuwanka kullum ake auna ka, ba da girman damtse ba.

Tambayar ma tana da ladabi, kamar yadda shiga ofishin malami yake da ladabi. Ka yi sallama, ka gaida kowa. Kar ka yi wa mutum magana ƙarfe na kansa, ko yana ajiyewa yana haki. Jira ya sha ruwa. Ka yi tambaya ɗaya, ba goma ba. Maimakon "yaya zan yi in zama kamar kai", ka ce, "Yaya, don Allah duba mini tsugunon nan, gwiwata ce ke ciwo in na sauka." Wannan tambaya ce da mutum zai iya amsawa nan take. In ya gyara maka, ka yi abin da ya ce na sati biyu, sannan ka dawo ka gaya masa yadda ka ji. Wallahi ba abin da ke buɗe zuciyar babba irin wannan dawowar. Ka mayar da ƙarfe inda ka ɗauko shi. In ka ga ana loda wa babba nauyi, ka kama ɗaya ɓangaren. Kuma don Allah kar ka ciro waya ka nuna masa bidiyon TikTok ka ce ai wane ya ce ba haka ake yi ba. Matambayi ba ya ɓata, amma mai gardama yana ɓata har a cikin gidansu.

Ga kaɗan daga abin da na tsinta a bakinsu cikin shekara uku.

Ɗumama jiki ba ado ba ne, musamman a garin nan. Muna sama da mita 1,200 daga teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri goma. Mai zuwa jim bayan sallar asuba cikin hunturu ya san yadda sandar ƙarfe ke cizon tafin hannu. Malamin nan na Gyel ba ya barin sabon yaro ya taɓa nauyi sai ya yi minti goma yana tsallen igiya ko sassarfa, sannan ya fara da nauyi marar yawa. Ya ce kafaɗarsa ta dama da ke damunsa duk damina, wata safiya ɗaya ce ta jawo masa ita, shekara goma sha biyar da suka wuce.

Ƙari kaɗan-kaɗan shi ne dukan sirrin. In yau ka tura nauyi sau takwas, sahu uku, to ka zauna a kansa har ka iya sau goma sha biyu da tsabta, sannan a ƙara maka ɗan ƙaramin faifai. Oga ya sa na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ina rubuta abin da na ɗaga kowace rana. Ya ce ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya, takarda ba ta yi. Sabon shiga da ke yin komai daidai, da wuya tsokar da zai ƙara ta wuce kilo ɗaya a wata, kuma bayan shekarar farko abin raguwa yake. Duk wanda ya yi maka alkawarin kilo goma kafin bikin kammala karatu, ruwa da kitse yake nufi, ko kuma aljihunka yake nufi.

Kar ka tsallake ƙafa. Samarin makaranta ƙirji da damtse suke so, saboda su riga ke nunawa. Mahaucin nan yana kiran irinsu "zakaran Sallah", sama a cike, ƙasa tsinke. Manyan tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu da baya suke, kuma su ne za su riƙe ka ranar da ka kai shekarun Oga. Haka kuma masu son tumbi ya tafi: kwanciya kana naɗe ciki sau ɗari biyu ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai. Jiki ba ya zaɓar inda zai cire kitse don ka matsa wa wurin. Abin da ke cikin kwano ne ke rage tumbi.

Kwana uku a sati ya ishi ɗalibi. Tsoka ba a jim take girma ba, a kan katifa take girma, lokacin da jiki ke gyara abin da ka gajiyar. Mai kwana yana kallon fim har ƙarfe biyu, ya tashi lakcar ƙarfe takwas, ya zo jim da yamma, wahala kawai yake tarawa. Awa bakwai zuwa takwas na barci suna cikin atisayen. Lokacin jarabawa kuma Oga da kansa yake korar mu, ya ce kwana biyu a sati ya isa, ƙarfe ba ya gudu, amma kariyoba tana bin mutum har gida. Da azumi kuwa mu Musulmin wurin bayan tarawihi muke zuwa, a rage nauyi, a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Maganar abinci ita ce inda aka fi cutar ɗalibai. Masana suna cewa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In kilo 60 ne kai, kusan giram 96 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kun ga in da ƙwai kaɗai za a bi, sai an ci goma sha shida, wanda ba ɗalibin da zai iya sai ɗan gidan mai kaji. Nan ne manyan suka fi intanet amfani, domin su a kasuwar Bukuru suke cefane, ba a Amurka ba. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake yana ba da kusan giram 30. Awara waken suya ce zalla. Ƙuliƙuli gyaɗa ce da aka matse wa mai, saura furotin. Ga nono, ga busasshen kifi, ga ƙwai biyu wajen mai shayi. Ka haɗa da dankalin Turawa da Allah ya hore wa jihar nan, ko acca, ko gwate da ganye, ka ga ka wuce wurin. Mahaucin yakan ce mana, "Ni nama nake sayarwa, amma wake ne ya gina ni." Babbar robar garin furotin da ake tallatawa ba haramun ba ce, abinci ne da aka busar, sai dai kuɗinta zai saya maka wake da ƙwai na wata guda, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa.

Sai bambancin ciwo da ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, har ka kasa sauka daga bene, wannan ba komai, zai wuce. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa kamar wutar lantarki, wannan a ajiye ƙarfe. Ma'aikacin jinyar nan yana da gargaɗi guda da yake yi wa duk sabon yaro: in ka yi atisaye mai tsanani, jiki ya kumbura, fitsarinka ya koma kalar shayi ba madara ko kalar Coke, kar ka jira gari ya waye, ka tafi asibiti. Tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Sababbi ya fi kamawa, musamman waɗanda aka zuga ranar farko a ce sai sun nuna su maza ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna na yi rubutun nan. Ba duk mai faɗin ƙirji ne malami ba. Manyan jim iri biyu ne, kuma gane su ba wuya. Na farko in ka tambaye shi, yawancin amsarsa "rage" ce: rage nauyi, rage gaggawa, rage kwanaki, je ka yi barci. Na biyu in ka tambaye shi, sai ya ja ka gefe ya buɗe jaka.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu, yana karatu a wata makaranta cikin Jos. Siriri ne tun yana ƙarami, kuma tsokanar da ake masa a hostel ta ishe shi. Ya fara zuwa wani jim daban, ya tambayi wani ƙato shawara, shi kuma ya sayar masa da ƙwayoyi a farar leda da wani ruwan magani a kwalba, ya ce safe da dare. Cikin sati shida yaro ya cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi kauri, 'yan unguwa suna ta "kai, ka samu duniya". Ranar da ya rako ni wurinmu, yana tafe yana buɗa hannu. Oga ya dube shi bai ce komai ba sai da aka watse. Sannan ya kira shi ya ce, "Ɗana, fuskarka ta yi ƙiba amma hannunka bai yi ba. Me kake sha?" Yaro ya fara kame-kame. Oga ya ce gobe ya zo da kwalin.

Da ya kawo, ni da ma'aikacin jinyar muka duba. Ƙwayar dexamethasone ce, ruwan kuma irin mai cyproheptadine ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Mu da muke karanta lafiyar dabbobi mun san dexamethasone sarai, maganin kumburi ne mai ƙarfi, yana da amfaninsa in likita ya rubuta. Amma ba ya gina tsoka ko kaɗan. In aka daɗe ana sha, cinye tsokar yake, ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Yaron ya tsorata ya ce daga yau ya daina. Ma'aikacin jinyar ya ce a'a, irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe a kansa, jiki na iya faɗuwa, likita ne zai rage masa a hankali. Washegari Oga ya rufe gareji da safe, ya sa shi a gaba har asibiti. Aka auna, sukarinsa ya hau. Ya yi watanni kafin ya dawo daidai, kuma jarabawa biyu ta wuce shi a zangon. Yanzu yana wurinmu, ya fara daga sandar banza kamar kowa. Wanda ya sayar masa kuwa ko waya bai ƙara ɗauka ba.

Wannan ma ƙaramin ne. Akwai allurai na siteroid masu gina tsoka da gaske, kuma su ne suka fi haɗari don suna aiki, mutum ya ga canji ya kasa bari. Wasu ma ba don mutum aka yi su ba. Boldenone don dawakai aka fito da shi. Trenbolone shanu ake sa wa a gonakin kiwo na Amurka don su yi nama kafin yanka. San da ake ba wa ba a shirya masa tsufa ba, wata nawa ne a kai shi mayanka. Kai kuwa kana son aure, kana son 'ya'ya, kana son ganin jikoki. Abin da suke yi wa namiji sananne ne: jiki ya daina yin nasa sinadarin, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito, hanta ta wahala, jini ya hau, zuciya ta yi kauri. In kuma ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga ciwon hanta da ƙanjamau a bakin ƙofa. Sai tramadol, da wasu ke sha wai don kar su ji gajiya. Ciwo ƙararrawa ce. Ka kashe ƙararrawa, ka ci gaba da loda wa gaɓar da ta riga ta ji rauni, ga jaraba, ga farfaɗiya in an yawaita. A wurinmu doka ɗaya ce ba a sassautawa: Oga ya ga idonka ya canja, ranar ba ka taɓa ƙarfe.

Na san hotunan da ke cikin wayoyinku. Samson Dauda, haifaffen Legas da ya girma a Ingila, ya ci gasar Mr. Olympia a 2024, kuma duk mun yi murna. Amma wannan sana'arsa ce, ya yi shekaru sama da goma a kanta, ga halitta da Allah ya ba shi, ga masu horarwa da masu ɗaukar nauyi. Ka ɗauki hotonsa ka ce kafin Disamba, zaluntar kanka ne. Labarin Ronnie Coleman ma yana da darasi ta fuska biyu. Ɗan sanda ne a garin Arlington na jihar Texas, sai mai wani jim, Brian Dobson, ya gan shi ya ce ya zo ya riƙa atisaye kyauta in zai yarda ya horar da shi ya shiga gasa. A 1990 ya ci gasar Mr. Texas, daga baya ya ci Mr. Olympia sau takwas a jere, daga 1998 zuwa 2005. Kun ga ko shi sai da na gaba ya kama hannunsa. Ɗaya fuskar kuma, an yi masa tiyata fiye da goma a baya da ƙugu da wuya, yau da sanduna ko keken guragu yake tafiya. Shi ya samu suna da dukiya a madadin bayansa. Kai da kake ɗagawa don riga ta zauna maka, me za a ba ka a madadin naka?

'Yan uwa mata da ke karantawa, ku ma abin ya shafe ku. Ɗaga ƙarfe daidai misali ba ya mayar da mace namiji, jikin mace ba shi da yawan sinadarin da ke kawo wannan. Abin da yake yi shi ne ƙarfafa ƙashi da baya. Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, ta tura kilo 167 a kwance kan benci a gasar nakasassu ta duniya a Faris a 2024, ta ɗauki zinare ta kafa tarihi. Ƙartin wurinmu kaf ba mai iya wannan. Shawarata ku nemi mace da ta daɗe tana yi, a wurin da hankalinku ya kwanta. Kuma ƙwayoyin nan da ruwan maganin da na ambata, su ne dai ake sayar muku da sunan maganin ƙiba ko na cikowa. Leda ce kawai ta bambanta.

Akwai abu ɗaya da jim ya koya mini wanda ba na tsoka ba ne. In ka kwanta a benci da nauyin da ya kusa fin ƙarfinka, dole wani ya tsaya a kanka, hannunsa a ƙasan sandar, in ta gagare ka ya ɗauke. Ƙarfen a saitin maƙogwaronka yake. Duk wanda ya girma a Bukuru ya san abin da rikicin Janairun 2010 ya yi wa garin, ya san yadda unguwanni suka rabu, har akwai layin da wasu ba sa bi in duhu ya yi. Amma shekara uku ke nan, mutumin da ya fi tsaya mini a benci shi ne malamin nan na Gyel. Ranar Lahadi ba ya zuwa sai an tashi coci, ranar Juma'a shi ke riƙe makulli har mu dawo masallaci. Da azumi shi yake ce mini, "Likita, rage faifai ɗaya, ba ka ci komai ba tun asuba." Ba mu taɓa zama mun yi taron zaman lafiya ba. Yana cewa "ɗaya saura, ina nan", ni kuma na yarda yana nan.

Ku kuma manya, 'yan ajin ƙarshe da tsofaffin hannu, ga taku. Yaron da ya shigo yana raɓe-raɓe da rigar ƙwallo da silifas, ya yi kwana uku yana shawara da kansa kafin ya tako ƙofar. In kuka yi masa dariya, ko kuka loda masa nauyi don a ɗauki bidiyo a yi nishaɗi, ba gida zai koma ya haƙura ba. Wurin mai jaka zai tafi, don shi mai jaka fuskarsa a sake take kullum. Minti biyar ɗin da za ka ba shi ka gyara masa tsayuwa, wataƙila ita ce tsakaninsa da wankin ƙoda. Kuma in ya tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka tura shi wurin wanda ya sani. Oga da shekarunsa talatin a harkar, in maganar magani ce cewa yake, "Jira nas ya zo." Ban taɓa ganin hakan ya rage masa girma ba.

Jambito, in za ka fara satin nan, ga abin da za ka yi. Ka je ka zauna kwana ɗaya kana kallo kawai. Ka lura da wanda ya fi daɗewa a wurin kuma har yanzu gwiwarsa da bayansa lafiya, wanda ke mayar da ƙarfe wurinsa, wanda yara ke zuwa gaishe shi. Ba lallai shi ne ya fi kowa girma ba. Shi za ka je wa. In kana da hawan jini, ciwon zuciya, sikila, asma ko tsohon rauni, ka fara ganin likita a asibitin makaranta, kuma ka gaya wa mai koya maka tun ranar farko. Ka sayi littafi mai shafi arba'in. Ka jiƙa wake tun dare. In an miƙo maka sandar banza, ka karɓa da hannu biyu.

Wanda ya san wani ƙaninsa da ya fara shan abin da bai san sunansa ba, ya tura masa wannan, ko ya kama hannunsa zuwa asibiti. Tsofaffin hannu kuma ku ƙara abin da na bari a ƙasa, musamman masu atisaye a wajen Naraguta da Rayfield, mu ji yadda naku manyan suke koyarwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu sa'ar zangon nan.